Azarar Inna Tabawa

Da sunan Allah nake farawa, Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba. Wannan labari na ji shi ne a bakin wani tsohon magini, a wani zango, shekarun da ƙafata ke da ƙarfin tafiya. Sunan zangon ya ɓace mini, haka ma sunan birnin da abin ya faru, don kaina yanzu ya zama tsohon kwando, ana zubawa yana zubarwa. Abin da ya saura a ciki shi zan ba ku, ba ƙari.

A zamanin da, an yi wani Sarki a wani birni mai ganuwa, mai son gini ƙwarai da gaske. Ba azzalumi ba ne, sai dai idan ya so abu ba ya iya jira. Wata shekara, bayan an gama girbi, ya dubi zauren da yake zaman fadanci ya ga ya yi masa kaɗan. Ya sa aka kira Sarkin Magina, wani gwani mai suna Nomau, ya ce masa, "Ina son sabon zaure mai bakan gizo, wanda babu irinsa a ƙasashen nan. Kafin ruwan farko ya sauka in zauna a ciki. In ka gama, ka ga alheri. In ba ka gama ba, rawaninka ya sauka kafin ruwan."

Wazirin Sarkin nan, Arzika, dattijo ne mai sanyin magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙasa da ruwa muna da su, hannu ma akwai. Abin da babu shi ne azara. Ginin irin wannan sai namijin giginya, wanda aka tsaga ya shekara yana bushewa. Bana kuwa babu ita a birni, sai an aika kudu, kuma ko ta zo ɗanya ce. A ba shi shekara guda."

Sarki ya ce, "Waziri, kai kullum sai baɗi. Magini ya san inda zai samo."

Don kada kowa ya ɗauke hankalin magina da ƙananan ƙararraki, Sarki ya ƙara da wata doka. Aka yi shela cewa duk wanda ya kai Sarkin Magina ƙara, bai kawo shaidu biyu daga cikin magina ba, to ya yi ƙazafi ga bawan Sarki, za a fitar da shi daga birni. Waziri ya ji, ya yi shiru, don ya san ranar magana ba ta zo ba.

To, a wata unguwa kusa da ganuwa akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai kaɗin zare. Ƙanwar mahaifin Nomau ce. Uwarsa ta rasu yana jariri, ita ta ɗauke shi, ta goya, ta yaye, ta kai shi wurin koyon gini. Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka ta riƙe shi ɗan fari, har ba ta faɗin sunansa don kunya, sai dai ta ce "yaron nan", ko da ya yi furfura a gemu. Shi kuwa Inna yake ce mata.

Tabawa tun da take ba ta taɓa kwana a soro ba, a bukka ta yi aure, a bukka ta tsufa. Mijinta, kafin ya rasu, ya sare giginyu maza a fadamar gidansu, ya tsaga, ya jera azarar a ƙarƙashin rumfa, da niyyar ya gina mata ɗaki. Ajali ya riga shi. Azarar ta shekara bakwai a nan, ta yi baƙi ƙirin, ta yi nauyi, gara ta zo ta lasa ta koma.

Ran nan da hantsi sai ga Nomau ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, abin kunya ne a ce ina Sarkin Magina ke kina bukka. Bana zan cika burin marigayi."

Ta ce, "Kai da aikin Sarki ya sha maka kai? Bari sai ka huta."

Ya ce, "Aikin Sarki bai fi naki ba. Zan sa a kwashe azarar a kai gidana a daidaita tsawonta, in an tashi rufi a dawo da ita."

Tsohuwa ta yi ta sa albarka har da hawaye. Ta zaga unguwa tana faɗa wa maƙwabta. Aka kwashe azara, aka kwaɓa ƙasa, aka yi tubali, bango ya tashi. Da aka zo rufi aka dawo da azara baƙa, aka jera, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa, aka shafe da makuba har tana ƙyalli. A wannan ranin kuma zauren Sarki ya kammalu, saura kwana uku ruwan farko. Sarki ya yi murna, ya ba Nomau riga da doki. Tabawa ta shiga ɗakinta, damina ta zo ta wuce, ko ɗigo babu.

A damina ta biyu aka yi malka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Rana ta huɗu da hantsi gari ya washe, Tabawa ta shiga ɗaki ɗauko audugarta. Sai ta ji wani ƙara a bisa kanta, kamar ana karya kara. Ta juya za ta fita, rufin ya rufto ta bayanta. Allah ya kiyaye kanta, amma wani ɓangare ya danne hannunta na dama, ya karye a wuyan hannu, hannun da take murza mazari da shi. Maƙwabta suka jawo ta, aka kira maɗori.

Kashegari, tana zaune a bakin kangon da hannu a ɗaure, ta ga wata azara ta leƙo daga cikin ƙasa. Ta miƙa hannun hagu ta ja, don kawai ta kawar daga hanya. Sai azarar ta taso mata sakayau. Tsohuwa ta tsaya. Ta san azarar mijinta, ita ce ke share ƙarƙashinta shekara bakwai, ƙato ma sai ya yi nishi kafin ya ɗaga guda. Ta dubi inda ta karye, ta ga ciki fari fat, yana marmashewa kamar rogo. Ta kankare bayan da farce, baƙin ya fita, ashe baƙin tukunya ne da makuba aka shafa.

Da Nomau ya zo jaje, ta sallami mutane, ta ajiye guntun a gabansa. Ta ce, "Yaron nan, wannan ba itacen gidanmu ba ne. Ina azarata?"

Bai ko dubi guntun ba. Ya ce, "Haba Inna. Ruwan nan ai gidaje da yawa ya taɓa. Ikon Allah ne, kuma gara ba ta da ɗan'uwa."

"Gara ce ta shafa masa baƙin tukunya?"

Ya ce, "Inna, kin sha wahala, hankalinki bai dawo ba tukuna. Ki huta. Gobe zan turo a kwashe tarkacen nan, in rani ya yi mu ga abin da za a yi."

Ta ce, "Kada wanda ya taɓa mini ko ɓaraguzai. Abu ɗaya nake so, ka dube ni ka faɗa mini gaskiya, ni da kai, magana ta mutu a nan."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Na faɗa miki." Ya fita. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa tsufa ya fara taɓa Tabawa, tana ƙagen ɗan da ya yi mata alheri. Daga bakinsa maganar ta fito, shi ya fi yi mata zafi fiye da karayar.

Ta ɗauki guntun azarar ta tafi wurin Cindo, wani tsohon magini wanda yake taubashinta. Yana ganinta ya washe baki ya ce, "Baiwata, an ce kin yi dambe da soro ya kā da ke. Ai na faɗa miki bukka ce daidai ke."

Ta ce, "Bawa, yau ban zo wasa ba. Riƙe wannan."

Ya karɓa, ya auna a tafin hannu, dariyar ta ɗauke. Ya mayar mata da sauri kamar ya taɓa garwashi.

Ta ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Tabawa, ban ga komai ba. Kin san al'adarmu. Ginin da ya sha damina ɗaya, magini ya fita daga cikinsa. Kuma magini ba ya tona bangon ɗan'uwansa, da wannan rantsuwa aka ba kowannenmu sana'a. Ki yi haƙuri. Ki tuna dokar Sarki, in kika kai ƙara ba shaida, bayan ganuwa za a kai ki, da wannan hannun, da wannan damina."

Ta ce, "Na ji. Allah ya bar zumunci."

Duk da haka da safe ta tafi gaban Alƙali. Alƙali ya ce, "Wa kike ƙara?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan."

"Wane yaro? Shari'a ba ta san yaron nan ba. Faɗi sunansa."

Tsohuwa ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Shekara arba'in da wani abu sunan bai bi ta bakinta ba. Mutane suka fara murmushi, wani ya ce, "Kun gani, ko sunan wanda take ƙara ta manta." Sai ta runtse ido ta ce da ƙarfi, "Nomau. Nomau Sarkin Magina nake ƙara." An ce yana wurin a tsaye, da ya ji sunansa a bakinta sai da ya dafa bango.

Alƙali ya saurare su duka biyu. Nomau ya kawo al'adar damina ɗaya, ya ce azarar da aka ba shi ita ya rufa. Alƙali ya ce wannan magana ta shafi dokar Sarki, sai a fada za a yanke ta. Ya ba Tabawa kwana bakwai ta kawo magina biyu. Bakwai ne ko goma? Bakwai ne, na tuna, don ranar kasuwa aka fara, ranar kasuwa aka ƙare.

Ta bi gidajen magina ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce yana zazzaɓi, wani ya ce idonsa ba ya gani sosai, wani ya ba ta goro ya raka ta har ƙofa. A rana ta huɗu ta zauna a ƙofar gidan Waziri Arzika, har ya fito zai tafi fada. Ta faɗi ta yi gaisuwa. Ya ce, "Iya, na ji labarinki. Me kike da shi ban da bakinki?"

Ta miƙa masa guntun, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan kaɗai. Ni tsohuwa, da hannun hagu na zaro ta daga ƙasa sakayau."

Waziri ya juya itacen, ya daɗe yana dubawa. Ya tuna shekarar da babu busasshiyar azara a birni, ya tuna kuma zauren Sarki ya tashi duk da haka, bai kuwa taɓa tambayar daga ina aka samo ba. Ya ce, "Iya, in gaskiyarki ta fito, ɗanki zai tozarta a gaban jama'a. Kin yarda?"

Ta ce, "Na ba shi ƙofa ya fita a ɓoye, ya ƙi. Ya ce wa mutane na haukace. Ban da kowa a bayan ganuwa, ranka ya daɗe. A nan kabarin mijina yake."

Ya ce, "Koma gida. Kada ki ƙara roƙon kowane magini."

A ranar Waziri ya ɗauki Alƙali da Liman, suka tafi kangon tamkar masu jaje. A gabansu dogarai suka zaro azarar da ba ta karye ba, aka ɗora wa kowace ƙaramar alama da wutar ƙarfe a gindinta, aka shafe alamar da laka. Aka kai su bayan gidan Waziri a lulluɓe, aka kankare baƙin da aka shafa musu, aka datse bakinsu. Lokacin kuwa azara mai kyau ta riga ta wadata, don an kawo daga kudu ta bushe a rumbun fada. Waziri ya sa aka ɗebo daga ciki aka gauraya da na tsohuwa.

Rana ta bakwai aka cika a sabon zaure. Tabawa na gefe a durƙushe, ba shaida ko ɗaya. Kafin a kira shari'arta, Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, akwai wata 'yar hidima da za mu gabatar. Ga azara an tara a fili. Magina sun yi wa fada aiki, ina roƙon a ba kowannensu guda biyu, ya zaɓa da hannunsa, ya gyara gidansa." Sarki ya ce an ba su. Dogarai suka ce, "Sarki ya gaishe ku, magina!"

Aka fita fili. Ku da kuka taɓa ganin magini yana zaɓen itace kun san yadda abin yake. Ba ya tambayar kowa. Zai ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari ya kasa kunne, ya soka farce. Mai kyau tana amsawa kamar ƙarfe, marar kyau sai ta yi ɗif. Nomau ya fara zaɓa, da yake shi ne babba, sauran suka biyo. Suna yi suna raha, Cindo na cewa wani, "Kai, sake ta, ni na riga ka gani, kai ko matar da za ka rufa wa ɗaki ba ka da ita." Kafin a jima kowa ya ja nasa gefe. Aka bar wani tsibi a tsakiyar fili, ba wanda ya ko waiwaye shi.

Waziri ya yi kamar ya yi mamaki. Ya ce, "Af, ga saura da yawa. Sarkin Magina, kai ne babba, kwashe duka ƙari ne a kan naka. Ka rufa wa iyalinka ɗaki."

Magina suka tuntsire da dariya. Nomau ma ya yi dariya, don ba ya so a ga kamar bai san itace ba a gaban yaransa da Sarki. Ya taka ɗaya da ƙafa ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, a yafe mini wannan kyauta. Macen giginya ce, kuma ɓargonta, ba bayan ba. Ko turken awaki ba na rufawa da ita."

Waziri ya ce, "Ashe? Ni duk itace ɗaya nake gani. In an rufa ɗaki da ita fa?"

"Damina ɗaya za ta ɗauka, in an yi sa'a. Ta biyu, da ƙasar rufi ta sha ruwa ta yi nauyi, sai dai a yi salati."

"To ko magini zai iya rufawa da ita bisa kuskure, bai sani ba?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ko makahon magini ya ɗaga ya sani. Wanda ya kawo wannan fada a bincike shi, maci amana ne."

Waziri ya juya ga sauran, ya ce, "Haka ne, magina?" Suka amsa baki ɗaya, "Haka ne."

Sai Waziri ya ce wa dogari ya kankare lakar da ke gindin kowace. Alama ta fito. Aka duba na hannun magina, babu mai alama ko ɗaya, duk suna cikin tsibin da aka ƙi. Alƙali ya miƙe ya ce a gabansa aka zaro su daga rufin Tabawa, Liman ya ce shi ma ya gani. 

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, doka ta ce shaidu biyu daga magina. Ga su fiye da ashirin, har da wanda ake ƙara. Ba wanda ya karya rantsuwarsa, don ba a tambaye su bangon kowa ba."

Cindo ya sauke azarar da ke kafaɗarsa, ya durƙusa ya ce, "Zaki, hannunmu ya riga ya faɗi abin da bakinmu ya ɓoye. Tsohuwar nan ta zo gidana na kore ta da haƙuri. Gaskiya ta faɗa."

Sarki ya dubi Nomau ya ce, "Ina azarar matar nan?"

Nomau ya faɗi ƙasa, rawani ya karkace. Ya ɗaga hannu ya nuna rufin sabon zaure. Ya ce, "Ga ta can, Allah ya ba ka nasara. Duk bakan gizon nan a kanta yake tsaye. Na zaga birni ban samu ba, kwanaki suna tafiya, rawanina na tsorata. Na ce in an kawo ta kudu zan sake mata rufi kafin wani abu ya faru. Da aka kawo kuma sai na rasa bakin da zan ce mata a buɗe ɗaki."

Sarki ya ɗaga kai ya dubi rufin da yake alfahari da shi. Can ya ce, "Waziri, ka faɗa mini tun farko."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na faɗa sau ɗaya na yi shiru. Da na tambayi inda aka samo itacen, da hannun matar nan bai karye ba. Ni ma ina da nawa kason."

Sarki ya ce, "Damina biyu ina yanke wa mutane hukunci a ƙarƙashin kayan sata, gaggawata ce kuma ta buɗe ƙofar satar. Amma ni ban ce a ci amanar uwa ba." Ya juya ga Tabawa ya ce, "Iya, gaskiya taki ce, ba mai fitar da ke daga birnin nan. Yanzu damina ce, ba a gini. Azararki kuwa ga ta. Daga yau ki zauna a zauren nan, a ƙarƙashin abin da mijinki ya bar miki, ni zan koma tsohon. In rani ya yi a buɗe rufin nan, a mayar miki da kayanki har guda ta ƙarshe, shi kuma ya gina miki da hannunsa."

A nan take ya soke dokar korar mai ƙara. Ya ce al'adar damina ɗaya tana nan ga abin da Allah ya kawo, amma ba ta rufe abin da magini ya binne da saninsa ba, ko bayan shekara goma ne. Aka cire rawanin Nomau aka naɗa wa Cindo, bayan Sarki ya ja masa kunne. Sa'an nan Sarki ya ce, "Iya, saura haƙƙin hannunki. Bulala ko kora, faɗi abin da za a yi masa."

Tabawa ta ce, "Allah ya ƙara wa Sarki imani. A bar ni in tambaye shi abu ɗaya."

Aka ba ta izini. Ta matso kusa da shi, ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

Ta ce, "Tun da aka gama ɗakin nan, kowace Juma'a kana zuwa gaishe ni. Nakan ce ka shigo, ga tabarma, sai ka ce a'a Inna, nan bakin ƙofa ma ya isa. Rana ta doke ka, yayyafi ya jiƙa ka, ba ka taɓa sa ƙafa ciki ba. Ni kuwa ina ta faɗa wa mata, ku ga ladabi, ya zama Sarkin Magina amma yana jin nauyin shiga ɗakina. Ashe rufin kake tsoro. Kana zaune a waje kana kallona a ciki, ina dama maka fura. Haka ne ko ba haka ba?"

Nomau ya kifa fuska a ƙasa yana kuka. 

Ta juya ga Sarki ta ce, "Kada a doke shi, bayan nan ni na goya shi. Kada a kore shi, yana da 'ya'ya. Abu ɗaya nake roƙo, a canza hukuncin gini. Kada hannunsa ya sake taɓa bangona. Cindo ya gina, in ya so in ya yi ha'inci na san gidansa."

Sarki ya ce an yi. Aka mayar da Nomau bakin kududdufi, mai taka ƙasa da ƙafa, aikin da ya fara da shi yana yaro.

Haka Tabawa ta ƙare damina a zauren Sarki, ita da 'yar tukunyarta da buzunta, Sarki kuwa yana fadanci a tsohon zaure, fadawa na matsuwa har wasu a waje. Da rani ya yi aka buɗe bakan gizo, aka sauke azara baƙa mai nauyi, ƙarti bibbiyu suka riƙa ɗaukar guda zuwa unguwar bakin ganuwa. Cindo ya gina ɗaki, ya sa ta ƙwanƙwasa kowace da kanta kafin a ɗora. Hannunta ya warke, ko da yake zarenta bai ƙara yin siriri kamar da ba. Shi kuma Sarki ya jira shekara guda cur kafin a sake rufa nasa.

Mai ba ni labari ya ce ta yi shekaru a ɗakin, ya faɗi adadinsu, na manta. Abin da ban manta ba shi ne, Nomau bai daina zuwa ran Juma'a ba. Yakan wanke lakar ƙafarsa, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ina wuni." Takan amsa, ta tambayi iyali, ta miƙo masa fura a ƙwarya. Ya roƙi gafara ta ce ta yafe, duniya da lahira. Yanzu kuwa ba abin da yake so kamar ya shiga ya zauna a tabarmar nan. Yakan jima yana jira, ya shanye furar, ya riƙe ƙwaryar a hannu. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake ce masa ya shigo ba.

Iyakar abin da ya saura a kaina ke nan. Inda na rage, Allah ya yafe wa tsufa, Ya kuma tsare mu da cin amanar wanda ya kwanta a ƙarƙashin aikin hannunmu.